Kwalbar Ingila da Kwalbar Faransa

Na san abin da ake gaya muku a gari. Wai babanku ya taɓa zarewa a shekarar da Turawa suka miƙa mulki, wai an gan shi yana ba waya ruwa kamar mai dashen albasa, wai ya cusa rediyo cikin randa. To, waya dai an ba ta ruwa, ni nan Kulu na riƙa ba ta da hannuna, randar ma tawa ce. Amma hauka? Ƙarya suke yi, kuma yawancin masu faɗin haka ko cikinsu ba a yi ba a lokacin. Abin da ya same shi daban ne. Na daɗe ina jin nauyin buɗe baki a kansa, don ko yanzu da na tsufa, in na tuna sai in ji kamar in shige ƙasa.

Babanku dillalin shinkafa ne da busasshen kifi. Daga nan Bagudo ya haura Dole Kaina, ya ƙetare kogi ya shiga Dahome, ƙasar da kuke cewa Benin yanzu. Yana jin Dandanci da Fillanci, har da ɗan Faransancin kasuwa. Mai saye na nan, mai sayarwa na can, kowa na ƙunƙuni da yarensa, shi yana tsakiya yana kwashewa. Da kunnensa yake ci da mu. A wata tafiya ya dawo da rediyo daga Kandi, naɗe cikin bargo a tsakiyar jirgi, ya hana kowa zama kusa da ita. Ba irin 'yan ƙananan nan ba ce da suka zo daga baya. Akwati ce ta katako, batirinta kamar tubali, in an buɗe bayanta sai ka ga 'yan kwalabe a jere a tsaye, kowace da ɗan zare a ciki da yake yin ja kaɗan in an kunna. Masu gyara na ce musu bawul, mu dai kwalabe muke cewa. A unguwarmu babu mai irinta, kuma bayan la'asar zaurenmu ba masaka tsinke.

Da daminar da ta biyo baya zazzaɓi ya kwantar da shi, irin mai sa mutum sambatu. Allah ya tashi kafaɗunsa, muka yi sadaka, muka ce an wuce wurin. Ni na fara lura. A yi sallama a ƙofar gida har a gaji, yana zaune yana gyaran igiyar awo bai ɗago ba. Ɗana Amadu yana goye a lokacin, ya tsala kuka a bayansa, ko waiwaye. Zabin maƙwabta da a da yake tsine musu kullum da safe, sai ya ce wai bana sun yi hankali. In kana gabansa yana kallon bakinka, kuma muryarka mai kauri ce, lafiya lau za ku yi hira. Siririn sauti ne ya fara guje masa. Shi kuwa bai ga haka ba. Abin da ya gani shi ne rediyonsa ta lalace.

“Kulu, wagga akwati ta dushe,” ya ce da ni wata rana. “Da in mai labaru na magana har numfashinai nike ji. Yanzu kamar ya cika baki da tuwo.”

Ni kuwa ina jin mai labarun tangaran, har daga madafa. Na je wurin Gwaggo, uwar babanku, wadda kuma ƙanwar ubana ce, don auren zumunci aka yi mana. Na durƙusa na gaya mata abin da nake gani. Tana kaɗi, ba ta ko ajiye mazari ba.

“Kin zaci ke kaɗai ke da ido cikin gidan ga? Na gani tun kahin ki gani. Amma kul na ji wani ya ce ma ɗana kurma. Ran da maganar ga ta kai kasuwa, wa za ya sake ba shi dillanci? Ki ja bakinki. Muna roƙon Allah, za ya buɗe.”

Har ga Allah ba ta yi ƙarya ba, kuma ni ma tsoron da nake ji ke nan. Ta kira Alu, ƙanen babanku, ta ja masa kunne shi ma. Gida ya ɗauki sabuwar ɗabi'a ba tare da an yi shawara ba: kowa ya riƙa zagayowa gabansa kafin ya yi magana, kowa ya ƙara murya, in an yi sallama sai wani ya yi wuf ya amsa a madadinsa. Muka kewaye shi da rufin asiri har shi kansa bai ga asirin ba.

Shi kuma ya tasar ma rediyo haiƙan. Wani mai gyara a Jega ya ce masa kwalabe na gajiya, sai ya sayo sababbi na Ingila. Wani a Dahome ya ce ai na Faransa sun fi fitar da murya, ya sayo su ma. Ya samo gwangwanin alewa ya shimfiɗa auduga a ciki, ya jera su kamar ƙwai. Kullum da hantsi in ba ranar kasuwa ba, sai ya kashe rediyo, ya naɗe yatsu da ƙyalle, ya zare wannan ya soka waccan, ya kunna, ya karkata kai. Kuma wallahi yana da bayani. Ta Ingila, in ji shi, muryarta na da jiki, tana fitar da ganga da muryar dattijo, amma tana haɗiye ƙarshen magana. Ta Faransa siririya ce, ta fi dacewa da goge da muryar mata. Wata ya ce tana da sanyi, wata ya ce tana da gaggawa. Ni dai ban san a ina kwalba ke samun gaggawa ba. In ya gama sai ya ƙwala mini kira, in bar abin da nake yi in zo in tsaya bakin ƙofa.

“Saurara da kyau. Wagga ta Ingila ce. Kin jiya?”

“Na jiya, Malam.”

“To, ga ta Hwaransa. Wace ta hi?”

Sai in dubi fuskarsa. Wadda na ga ransa ya fi kwantawa da ita, ita zan ce ta fi. Ya yi murmushi ya ce ashe ina da kunne. Washegari kuma ya ce a'a, jiya mun yi kuskure, a sake.

Da kwalabe suka kasa sai ya koma kan sauran abubuwa. Ya sa Alu ya hau giginyar bayan gida ya ɗaure wayar sama, ya ce ba ta yi tsawo ba, aka ƙara, aka ja ta har kan rumbun maƙwabci. Aka ce masa wayar ƙasa na son danshi, ya haƙa rami a gindin katanga, ya zuba gawayi da gishiri, ya binne ƙarfe, ya ɗora mini aikin zuba ruwa safe da yamma. Gishirin da nake lallaɓawa don miya! Alu in ya gan ni da tulu sai ya ce, “Matar yaya, yaushe shukar taki za ta yi ɗiya?” In jefe shi da mara, mu yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki. Ya rataye tabarmi a bangon zaure wai magana na dukan bango tana dawowa. Ya ɗora akwatin a kan turmi, ya sauke, ya ɗora a kan buhun shinkafa. Daga ƙarshe ya kwance lasifikar daga jikin akwatin gaba ɗaya, ya gwada ta a bakin ƙwarya, ya gwada a bakin tulu, sannan idonsa ya faɗa kan randata, babbar da aka kawo ni da ita daga gidanmu. Ya juye ruwan, ya kwantar da ita, ya ɗaure lasifika a bakinta da tsumma da igiyar rama. Abin haushi, randar ta yi aiki. Ganga in ta buga har a ƙirji kake jinta. Sai ya dafa cikin randar da tafin hannu, ya lumshe ido. Daga baya na gane da hannun yake saurare.

Haka muka ci shekara. Da damina ta zo ƙarshe aka ce ranar karɓar mulkin kai ta matso, manya za su yi jawabi, za a sa a rediyo da Hausa. Babanku ya bi gida gida ya gayyato mutane: liman, mai unguwa, dattawan masunta, abokan cinikinsa na Dole Kaina da suka kwana a gari. Kafin ranar ya ƙetara Dahome cikin cikar kogi, Gwaggo na faɗa, ya dawo da wata sabuwar kwalba a kwalinta. Ya ce wannan ba a taɓa kunna ta ba, kuma ba zai taɓa ta ba sai a gaban jama'a.

Ranar na tashi tun asuba na dama fura, na soya ƙosai. Da hantsi zaure ya cika har waje, mu mata muna bayan zana, ni ina leƙe ta wata kafa. Ya kunna da kwalbar Ingila a ciki. Kai, abin ya yi daɗi! Kiɗa ya fito daga randa garau, liman na gyaɗa kai, wani tsoho ya leƙa cikin randar ya ce tabarkalla. Na ce a raina Alhamdu lillahi, yau dai an fita kunya. Sai mai sanarwa ya ce yanzu za a kawo jawabi. Nan babanku ya ɗaga hannu.

“Ku dakata, jama'a. Wanga da kunka ji ba komi ba ne. Yanzu za ku ji magana kamar mutumin na zaune cikinmu.”

Ya kashe, ya naɗe yatsu, ya zare ta Ingila, ya buɗe kwali ya soka sabuwa, ya kunna. Ban san me ke damun kwalbar nan ba, ko ba ta dace da akwatin ba ce, ko can da ciwonta ta zo. Wani irin fito ta ɗauka, siriri, mai tsini, ba ya yankewa, kamar ana soka maka tsinke a kunne. Muryar mai jawabi na can ƙasa tana gunji, ba ka tsintar ko kalma. Amadu ya fasa kuka a bayana. Karen maƙwabta ya kama haushi. Na ga mai unguwa ya runtse ido ɗaya, na ga wani Badandi ya ja rawani ya rufe kunne a wayance. Babanku kuwa yana durƙushe, hannunsa a kan randa, fuskarsa fal annuri. Fiton bai kai gare shi ba ko kaɗan, gunjin kawai yake ji a tafin hannu.

Alu ya matso gabansa, ya yi ta maza.

“Yaya, da an maida ta Ingila, mutane sun saba da ita.”

“Kai mi ka sani? Koma ka zamna.” Ya juya ga liman. “Allah gahwarta malam, kai ka raba mu. Wace ta hi?”

Liman mutum ne mai kunya, bai taɓa kwance wa kowa zane a kasuwa ba. Ya dubi ƙasa, ya ja carbi.

“Ta hi, Malam. Wagga ta hi.”

Shi ke nan, sauran suka bi. Ta hi, ta hi. Aka zauna cikin fiton nan, jawabin da aka taru dominsa ya wuce ba wanda ya ji abin da aka ce. Wani ya ce alwalarsa ta karye, ya fita bai dawo ba. Wani ya tuna ya bar jirgi ba ɗauri. Suka riƙa zamewa da ɗai-ɗai, wasu samari na kaiwa ƙofa suka tuntsire da dariya, ina jin su, shi ba ya ji. Ni ina bayan zana na cusa bakin zane a baki. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kunyarsa da tawa duka a kaina. Furar da na dama ko rabi ba a sha ba.

Kafin la'asar labari ya gama gari, kuma ba kurumta aka ce ba, taɓuwa aka ce. Kun ga inda maganar da kuke ji ta samo asali. Na je bakin kogi wanki, wata ta dafa tulunta ta lumshe ido ta ce wa 'yar'uwarta, “Wace ta hi?” Suka bushe da dariya, da suka gan ni suka yi tsit. Na kwashe kayana jiƙe na dawo. Yara in ya wuce su sa yatsu a baki su yi fito a bayansa, shi yana tafiya yana gaisawa da mutane. Asirin da muka ce muna rufewa, mun rufe ɗan ƙarami mun jawo masa babba.

Sai ga shi ya shigo da murna, wai wani attajirin shinkafa a Ka'oje zai aurar da ɗa, shi kuma ya yi alkawarin kai rediyo da randa da sabuwar kwalba, a sa wa baƙi. Baƙin nan su ne mutanen da yake ciniki da su daga Dahome har Jega. Na koma wurin Gwaggo na ce ko dai ta gaya masa, ko ni in gaya masa.

“Ke? Mata ta dubi mijinta ta ce mishi kurma? Ina tarbiyyar da yayana ya ba ki?”

“Gwaggo, kahin in zama matatai taubashiyatai ce ni. Wadda ta tashi tana ce mishi mai kan ƙwarya, ba za ta kasa gaya mishi wanga ba.”

“In kin hwaɗa, ba ni ba ke.”

Na ce na ji. Amma ga wata matsala da ban hango ba sai da na zo yi. Irin wannan magana a hankali ake yinta, a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. To, yaya za ka yi wa wanda ba ya ji raɗa? Muryata siririya ce, irin wadda ta fi saurin ɓace masa. In na ɗaga ta a gida, tsakaninmu da maƙwabta zana ce kawai. Na gwada sau ɗaya a ɗaki, ya ce, “Mi? Kunu? A'a, na ƙoshi.” Na fito.

Lokacin shinkafa ta fara fitar da kai, yana zuwa fadama yana kafa rumfar korar tsuntsaye. Na bar Amadu wurin maƙwabciya, na ɗauki fura na bi shi da rana tsaka, abin da ban saba ba. Na same shi shi kaɗai a kan tudu, ruwa ya kewaye gonar. Ya yi mamakin ganina. Na ajiye ƙwarya, na tsaya a gabansa daidai inda zai ga bakina. Ni da ko sunansa ban taɓa kamawa ba tun da aka ɗaura mana aure, na buɗe maƙogwaro kamar mai kiran jirgi daga wancan ƙetare.

“Ba kwalba ba ce! Kunnenka ne! Ba ka ji!”

Na manta ruwa na ɗaukar murya. Can nesa wasu masunta biyu a jirgi suka tsai da filafili suka juyo. Ya gan su, ya ga inda suke kallo. Ya ajiye sandar da ke hannunsa a hankali.

“Tun yaushe?”

“Tun zazzaɓi!”

“Inna ta sani? Alu?”

“Sun sani!”

“Ran taro, mi anka ji?”

“Hito! Hito kawai! Ba wanda ya ji jawabi!”

Duk wannan da ihu nake faɗa, hawaye na zuba, masunta na saurare. Na zaci zai yi faɗa, wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi.

“Liman ya ce ta hi,” ya ce.

“Kunyarka ya ji!”

“Ke hwa, Kulu? Shekara guda ina kiran ki. Kin taɓa jin bambanci?”

Na sunkuyar da kai, na girgiza shi. Ya gani.

Bai je Ka'oje da rediyo ba, ya aika da Alu da uzuri. Da kansa ya kwance lasifika ya mayar cikin akwati, ya soka kwalbar Ingila, ya bar wa mutanen gida. Ya riƙa tafiya kasuwa da Alu, ya gaya wa abokan ciniki da bakinsa cewa kunnensa ya yi nauyi, su yi magana da ƙarfi. Wasu suka janye, da yawa suka tsaya, ba mu kwana da yunwa ba. Gwaggo ta yi wata da watanni ba ta amsa gaisuwata, sai da na haifi Hauwa ta sauko. Sunan taɓuwa kuwa ya riga ya bi gari, ba mu iya kamo shi ba, shi ya sa ya iso har kunnenku.

Mun yi zama mai tsawo bayan haka, lafiya lau, ku shaida ne, bai taɓa goranta mini ba. Sai dai a da ko hula ya saya sai ya shigo ya ce in duba, ko shinkafa ya auno sai ya damƙo ya nuna mini. Tun daga ranar fadama bai sake tambayata ko wani abu ya yi kyau ba, ko sau ɗaya, har Allah ya karɓi abinsa.